Inda doka ta ce eriyar jirgin ruwa ta yi shiru

Duk wanda ya taɓa kallon babban jirgin dakon kaya zai lura da wani farin ƙoƙo a can saman ɗakin tuƙi. A cikinsa akwai eriya, wato faranti mai juyawa da kansa, aikinsa dare da rana shi ne fuskantar tauraron ɗan'adam da ke nisan kilomita 35,786 a saman ikwaita. Jirgi na tangaɗi, ruwa na jijjiga shi, farantin kuwa ba ya kau da kai. Sai dai saman jirgi cike yake da tarkace: ga bututun hayaƙi, ga turken rada, ga ƙugiyoyin ɗaukar kaya. Da zarar jirgi ya karya kwana, ɗayansu na iya gittawa tsakanin faranti da tauraro.

Hukumar kula da sufurin teku ta duniya, IMO, ta taɓo wannan a ƙudurinta mai lamba A.808(19) na 1995. Ta nemi a kafa eriya inda babu abin da zai tare ta ta kowace fuska, har zuwa digiri 5 ƙasa da inda sama ta haɗu da ruwa, domin jirgi yana karkata. Ta kuma ja kunne a kan duk abin da ke cikin mita 10 daga ƙoƙon, wanda inuwarsa ta wuce faɗin digiri 6. Amma da wuya a sami jirgin da ya kuɓuta sarai, shi ya sa ake gaya wa eriyar inda inuwar take tun kafin ta faɗa cikinta.

Ga yadda ake yi. Ana fara ƙidaya daga goshin jirgi, shi ne sifiri, a bi yadda hannun agogo ke tafiya: 90 dama, 180 baya, 270 hagu. Arewa da kudu ba su da hurumi a nan, tunda bututun hayaƙi tare yake juyawa da jirgin. Injiniya zai tsaya gindin ƙoƙon riƙe da zanen jirgi, ya auna gefen bututun na farko, misali digiri 168, ya auna na biyu, 192, sannan ya ga cewa bakinsa ya kai digiri 35 a sama. Waɗannan lambobi zai shigar a na'urar sarrafa eriya. A lura da jerin, don idan aka sa 192 a farko, 168 a ƙarshe, an rufe digiri 336 ke nan, an bar eriya tana aiki daidai inda bututu ya tare ta kaɗai.

Ribar farko ita ce eriya ta daina ruɗewa. Idan sigina ya ɗauke alhali ta san ta shiga inuwa, ba za ta shiga lalube ba. Za ta nemi wani tauraron, ko kuma, a jirgin da ke da eriya biyu, ta miƙa wa 'yar'uwarta aikin kafin kira ya katse.

Riba ta biyu ita ce ta fi damuna, domin ta shafi lafiyar mutane. Farantin nan yana harba igiyar rediyo mai ƙarfi, a tattare wuri guda. Ba ta da launi, ba ta da ƙara, amma tana ɗumama tsoka, kuma ido na cikin gaɓoɓin da suka fi saurin illatuwa da ita. Saboda haka ƙudurin na IMO ya ce a manna takarda a jikin ƙoƙon mai nuna nisan da ƙarfin igiyar ke kai wat 100, wat 25 da wat 10 a kowace murabba'in mita. Ma'aunin ICNIRP, hukumar duniya mai fitar da ƙa'idojin kare lafiya daga irin wannan igiya, a wannan zangon rediyo shi ne wat 10 ga sauran jama'a, wat 50 ga ma'aikacin da aka horar. To idan akwai baranda, ko tsani, ko dandamalin da matuƙi ke hawa ya yi fenti a cikin wannan nisa, ya kamata a sa wa shiyyar alamar hana harbawa, ta yadda farantin zai yi tsit duk lokacin da ya juyo wajen. Na san irin matsin da ke zuwa idan intanet ya ɗauke a tsakiyar teku, kowa na son jin muryar iyalinsa. Duk da haka, rage faɗin wannan shiyya don a sami ƙarin mintuna cin amanar wanda ke saman tsanin ne, wanda bai ma san ana haska shi ba.

Kada a raina lambar tsayi. Kusa da ikwaita tauraro kan kasance can sama, sai farantin ya leƙa ta kan bututu hankali kwance. A ruwan Norway kuwa tauraron yana ƙasa-ƙasa, har gajeren ƙarfe ma na iya rufe shi. Wanda ya toshe shiyya tun daga ƙasa har ƙololuwa ya yi asarar sigina a banza.

Akwai wani shirun kuma da bai shafi inuwa ba. Ƙuduri na 902 na hukumar sadarwa ta duniya, ITU, wanda aka zartar a 2003, ya hana jirgi harbawa a zangon igiyar rediyo da ake kira C cikin kilomita 300 daga gaɓar ƙasa, ko a wanda ake kira Ku cikin kilomita 125, sai da yardar ƙasar da abin ya shafa, don kada a dagula mata layukan sadarwa na tudu. Ya kuma ƙayyade cewa saitin faranti kada ya kauce fiye da digiri 0.2.

Lambobin inuwa kuwa suna tsufa. An ƙara ƙugiya, an ɗaga turke, an sauya wa eriya mazauni a wurin gyara, duk sai an sake hawa an auna. A liƙa zanen shiyyoyin a ɗakin tuƙi, domin wani lokaci karkata jirgi da 'yan digiri kaɗan ya isa ya fitar da farantin daga bayan bututu.