Matsugunin matuƙan jirgin sama

Matsugunin matuƙin jirgin sama shi ne garin da ya ajiye iyalinsa yake kwana idan ya tashi daga aiki, wanda sau da yawa ba shi ne garin da kamfani ya rubuta masa a matsayin tashar aiki ba. Tashar aiki ita ce filin jirgin da jadawalinsa ke farawa yake ƙarewa. Kamfani ke zaɓar tashar, matuƙi kuwa shi ke zaɓar inda zai zauna, muddin zai sa hannu a kan lokaci. Da yake manyan tashoshi suna cikin birane masu tsadar haya, irin su Legas da Landan da New York da Hong Kong, matuƙa da yawa kan zauna nesa, su riƙa zuwa aiki a jirgi kamar yadda ma'aikacin sakatariya ke hawa adaidaita sahu.

Abin da ake aunawa

Matuƙi ba ya auna nisa da kilomita, da awa yake aunawa. Wanda ke zaune a Kano yana isa Legas cikin kusan awa ɗaya da rabi a sama, alhali wanda ya kama haya a Aja ko Ikorodu zai iya cinye fiye da haka a cunkoso kafin ya ga ƙofar filin jirgin Murtala Muhammed da ke Ikeja.

Jiran ko-ta-kwana shi ke ɗaure sabon matuƙi. A ranakun da aka sa shi jira ba shi da jirgi, amma waya na iya bugawa a ce ya zo ya maye gurbin wanda bai da lafiya, kuma a kamfanoni da dama awa biyu ko makamancin haka ake ba shi. Mai irin wannan jadawali dole ya kwana kusa da fili. A Amurka tsufa a aiki ke raba komai: wanda ya daɗe shi ke fara zaɓar tasha da ranakun hutu, ƙarami ya ɗauki abin da ya rage. Abin takaici, ƙaramin da albashinsa ya fi kowa ƙanƙanta shi ne aka fi tilasta wa zama a gari mai tsada.

Gidajen karo-karo

Daga nan aka samu gidajen kwana na karo-karo. Matuƙa da ma'aikatan cikin jirgi kan haɗa kuɗi su kama gida ɗaya kusa da fili, a jera gadaje masu hawa biyu a kowane ɗaki, kowa ya biya kuɗin gado a wata. Wani ya shigo ƙarfe ɗaya na dare yana lallaɓawa da fitilar waya, wani agogonsa ya buga ƙarfe huɗu ya tashi yana neman takalmi. Unguwar Kew Gardens a New York, da ke tsakanin filayen JFK da LaGuardia, ta yi suna da irin waɗannan gidaje. A yankin Gulf tsarin daban ne, domin kamfanoni kamar Emirates kan ba matuƙa gida ko kuɗin gida a Dubai.

Haɗarin Buffalo

Maganar gajiyar matuƙan da ke zuwa aiki daga nesa ta fito fili ne a ranar 12 ga Fabrairu 2009, lokacin da jirgin Colgan Air mai lamba 3407 ya faɗi kusa da birnin Buffalo a Amurka, mutum 50 suka rasu. Tashar matuƙan biyu Newark ce, kusa da birnin New York, amma kyaftin ɗin a Florida yake zaune, mataimakiyarsa kuma daga yankin Seattle ta taso, ta ratsa faɗin ƙasar cikin dare a jiragen dakon kaya. Masu bincike sun ɗora musabbabin a kan yadda kyaftin ya riƙe jirgin da gudunsa ya ragu, amma sun yi dogon bayani kan gajiya. Bayan haka Amurka ta ɗaga awannin ƙwarewar da ake buƙata ga mataimakin matuƙi zuwa 1,500, kuma daga 2014 ta wajabta hutun awa 10 kafin fara aiki, wanda a ciki za a iya barcin awa 8. Sai dai tafiyar da matuƙi ya yi daga garinsu zuwa tasha ba a lissafa ta cikin lokacin aiki, shi aka bar wa amanar ya sa hannu cewa ya huta. Nan ne ƙofar da har yanzu take buɗe.

A Kano

Kano ta san jirgi tun 1925, shekarar da jiragen sojan saman Ingila suka sauka a garin, kuma filin jirgin Malam Aminu Kano shi ne mafi daɗewa a Nijeriya. Kabo Air da Azman Air a Kano suka kafa hedikwata, Max Air ma ta mayar da filin babbar tasharta, musamman a jigilar alhazai. Duk da haka mafi yawan aikin jiragen fasinja yana Legas da Abuja, shi ya sa ɗan Kano da ya gama Kwalejin Koyon Tuƙin Jirgin Sama ta Zariya, wadda aka kafa a 1964, sau da yawa Legas ko Abuja ake tura shi.

Wanda ya dace aka ba shi tashar Kano ya huta, domin filin yana jikin gari, daga Bompai ko Nasarawa ko Sabon Gari tafiyar 'yan mintoci ce. Wanda aka tura Legas kuwa zai tarar da hayar shekara da ake biya gaba ɗaya, ga kuɗin dillali, ga na yarjejeniya. Ga kuma abin da ba a sa wa farashi: tsohuwa a cikin gari da ba za ta bar unguwarsu ba, yara a Islamiyya, uwargida da aikinta, zumuncin suna da biki da jana'iza. Da yawa sai su bar iyali a Kano, su haɗa ɗaki da abokin aiki a Ikeja ko Lugbe da ke hanyar filin jirgin Abuja.

Wannan tsari yana tafiya lafiya har hunturu ya shigo. Daga Disamba zuwa Fabrairu hazo kan rufe sararin Kano, a jinkirta tashi ko a soke. Matuƙin da ke da jirgin asuba a Legas ba ya jiran jirgin ƙarshe na yamma. Tun bayan azahar zai guga fararen rigunansa, ya yi sallama da yara, ya tafi kwana guda kafin lokaci, kuma daga cikin hutunsa ake zare wannan kwanan.