Tsakanin intabiyu da rantsuwa: yadda dokar Amurka ta tsara lokutan zama ɗan ƙasa

Mutumin da ya fito daga ofishin hukumar USCIS, wadda ke kula da ba da izinin zama da shaidar ɗan ƙasa a Amurka, riƙe da takardar da ke cewa ya ci jarrabawa kuma an ba da shawarar a amince da buƙatarsa, bai zama ɗan ƙasa ba tukuna, ko da 'yan'uwa sun soma bugo waya suna yi masa barka. A wurin doka yana nan a matsayinsa na baƙo mai izinin zama na dindindin har ranar da zai tsaya ya yi rantsuwar biyayya. Tazarar da ke tsakanin waɗannan ranaku biyu tana iya zama sa'o'i kaɗan, tana kuma iya kaiwa watanni, kuma duk abin da mutum ya aikata a cikinta ana lissafa masa shi.

Lissafin lokaci yana farawa ne tun kafin a cike fom. Ƙa'idar ita ce mai nema ya kai shekara 18 da haihuwa, kuma ya shekara 5 riƙe da katin zama na dindindin, wanda aka fi sani da girin kad, ko shekara 3 idan yana aure da ɗan ƙasa kuma suna zaune tare. Dole ne ya kasance a cikin ƙasar da ƙafarsa aƙalla rabin wannan lokaci, wato wata 30 cikin shekara biyar ko wata 18 cikin uku, sannan ya yi wata uku a jihar ko yankin da yake nema. Doka ta yarda a shigar da fom ɗin neman zama ɗan ƙasa, wato N-400, kwana 90 kafin shekarun su cika, amma wannan rangwame na shigar da takarda ne kawai, domin ba za a rantsar da kowa ba sai shekarun sun cika cif. Wanda kuma ya yi gaggawa ya shigar da kwana ɗaya kafin lokacin da aka yarda a shigar ya yi, ana iya ƙin buƙatarsa a kan wannan kaɗai, kuɗin da ya biya kuma, dala 710 ta intanet ko 760 a takarda bisa farashin da ya fara aiki a Afrilun 2024, ba a mayar masa.

Bayan an karɓi fom sai a aiko da rasit, sannan a kira mutum a ɗauki hoton yatsunsa. Rasit ɗin yana da amfanin da ba kowa ya lura da shi ba, domin tun daga Disamban 2022 yana ƙara wa girin kad wa'adin wata 24, ta yadda wanda katinsa zai ƙare yana cikin jira ba sai ya sabunta ba.

Daga nan jira ne, kuma a nan ne dokar ta yi shiru. Babu wani sashe da ya ce dole a kira mutum intabiyu cikin kwana kaza. Abin da ƙa'ida ta tanada shi ne ba za a kira shi ba sai hukumar binciken laifuka ta FBI ta kammala binciken tarihinsa, sauran kuma ya danganta da cunkoson ofishin da ke kula da yankinsa. Shi ya sa mutum biyu da suka shigar da fom a mako ɗaya, ɗaya a Houston ɗaya a wani ƙaramin gari, za su iya samun ranaku masu nisa da juna ba tare da akwai matsala a fayil ɗin kowannensu ba. Kwatanta kai da abokin da ke wata jiha ba ya gaya wa mutum komai game da nasa fayil. Abin da ke hannunsa a wannan lokaci shi ne adireshi: doka ta wajabta wa baƙo ya sanar da hukuma cikin kwana 10 idan ya sauya gida, kuma takardar gayyata da ta tafi tsohon gida ba ƙaramar asara ba ce. Wanda bai halarci intabiyu ba, bai kuma aika bayani cikin kwana 30 ba, ana rufe fayil ɗinsa, sai dai yana da shekara guda ya nemi a sake buɗewa ba tare da sabon biya ba.

A ranar intabiyu jami'i yana rantsar da mai nema cewa zai faɗi gaskiya, ya bi fom ɗin tare da shi tambaya bayan tambaya, yana kuma auna Turancinsa a cikin wannan hirar. Sai karatu da rubutu, inda ake so ya karanta jimla ɗaya daidai cikin uku, ya rubuta ɗaya cikin uku. Jarrabawar tarihi da tsarin mulki kuwa ta danganta da ranar da aka shigar da fom, ba ranar intabiyu ba. Waɗanda suka shigar kafin 20 ga Oktoban 2025 ana yi musu tambaya 10 daga cikin 100, su amsa 6, waɗanda suka shigar daga wannan rana kuma ana yi musu 20 daga cikin 128, su amsa 12. Dattawa suna da sauƙi: mai shekara 50 da ya shekara 20 da kati, ko mai 55 da ya shekara 15, ba a yi masa jarrabawar Turanci, kuma yana iya amsa ta tarihi da harshensa ta bakin tafinta. Wanda ya faɗi wani ɓangare ana sake kiransa tsakanin kwana 60 zuwa 90 a kan ɓangaren da ya faɗi kaɗai, idan ya sake faɗuwa sai a ƙi buƙatar.

Jami'in yana miƙa takarda mai lamba N-652 da ke nuna sakamako. Wani lokaci a rubuce take cewa ba za a iya yanke hukunci yanzu ba, kalmomin da ke tayar wa mutane hankali fiye da kima, alhali sau da yawa abin da suke nufi bai wuce ana jiran sa hannun wani babba ko wata takarda da aka nema ba.

Daga ranar wannan intabiyu ne wa'adi mafi ƙarfi a cikin tsarin gaba ɗaya yake fara aiki. Sashe na 336(b) na dokar shige da fice da zama ɗan ƙasa ya ce idan kwana 120 suka wuce hukuma ba ta yanke hukunci ba, mai nema yana da haƙƙin kai ƙara kotun tarayya ta gundumar da yake zaune, kotun kuma tana iya yanke hukuncin da kanta ko ta mayar wa hukuma da umarni. Ya kamata a lura da iyakar wannan haƙƙi sosai, domin mutane suna yawan ruɗewa a kansa. Kwana 120 ɗin wa'adin yanke hukunci ne, ba wa'adin kira intabiyu ba, kuma ba alkawari ba ne cewa za a rantsar da mutum a cikinsu. Idan kuwa hukuncin ya zo da ƙi, akwai kwana 30 na neman a sake duba shi ta fom ɗin N-336, kuma wannan wa'adi gajere ne ga wanda zai fara neman lauya bayan wasiƙa ta iso.

Rantsuwar kanta iri biyu ce, kuma bambancinsu shi ne yake haifar da yawancin saɓanin lokaci da ake gani. Akwai wadda hukumar USCIS ke gudanarwa da kanta, wadda wasu ofisoshi ke yi a ranar intabiyu idan an amince nan take. Akwai kuma wadda alƙali ke jagoranta. A wasu gundumomi kotu ta riƙe wa kanta ikon rantsarwa, kuma doka ta ba ta wannan iko ita kaɗai na tsawon kwana 45 daga lokacin da hukuma ta sanar da ita cewa mutum ya cancanta, don haka a irin waɗannan wurare dole a bi jadawalin kotu. Haka nan duk wanda ya nemi sauya sunansa a cikin fom, ko da gyara ne na yadda aka rubuta Muhammadu ko cire wani suna da ya shiga fasfo bisa kuskure tun daga gida, sai da umarnin alƙali, domin hukuma ba ta da ikon sauya wa kowa suna. A ganina wanda ke da dalilin gaggawa gara ya bar batun suna zuwa gaba, tunda kotun jiha tana iya yin wannan aiki a kowane lokaci.

Gayyatar rantsuwa tana zuwa a fom ɗin N-445, kuma yana ɗauke da tambayoyin da ake amsawa a ranar bikin, dukkansu a kan abin da ya faru tun bayan intabiyu. Ana tambaya ko mutum ya yi aure, ko aurensa ya mutu, ko ya fita ƙasar, ko an kama shi ko an ba shi takardar laifi, ko ya shiga wata ƙungiya, ko ya yi auren mata fiye da ɗaya. Wannan ta ƙarshe ta shafi mutanenmu kai tsaye. Magidancin da ya ga ya ci intabiyu ya zo gida hutu aka ɗaura masa aure na biyu, ya yi abin da addininsa da dokar garinsu suka halatta, amma a dokar Amurka ya rasa sharaɗin kyawun hali da ake buƙata har zuwa ranar rantsuwa, kuma ɓoye hakan ƙarya ce da za ta iya sa a ƙwace shaidar ko bayan shekaru. Wanda ya nema ta hanyar aure bisa ƙa'idar shekara uku shi ma yana cikin hatsari irin wannan, domin idan aka rabu ko abokin zama ya rasu kafin rantsuwa, cancantarsa ta wannan hanya ta faɗi, sai ya jira shekara biyar ta cika.

Tafiya ba haramun ba ce a wannan tazara, amma tana buƙatar lissafi. Zaman da ya haura wata shida a waje yana sa a ɗauka mutum ya katse zamansa sai ya kawo hujja, na shekara guda kuwa yana katse shi gaba ɗaya. Umara ko hutun Sallah na mako uku ba za su taɓa wannan ba, matsalarsu ita ce gayyata tana iya isowa mutum ba ya nan. Wanda ba zai samu halarta ba ya mayar da takardar tare da wasiƙar bayani ya nemi wata rana, domin ƙa'ida ta ce wanda ya ƙi zuwa fiye da sau ɗaya ba tare da uzuri ba ana ɗauka ya janye niyyarsa. Akwai kuma damar neman a gaggauta rantsuwa saboda rashin lafiya mai tsanani, ko naƙasa, ko larurar aiki ko tafiya, amma roƙo ne da ake iya amsawa ko a ƙi.

Iyaye su ne suka fi kowa buƙatar duba kalanda. Bisa dokar shekarar 2000 da ta fara aiki a Fabrairun 2001, yaron da ke da girin kad, yake zaune a Amurka a hannun mahaifi ko mahaifiyarsa, yana zama ɗan ƙasa kai tsaye a ranar da ɗaya daga cikinsu ya yi rantsuwa, muddin bai cika shekara 18 ba. Ranar rantsuwa ake dubawa, ba ranar intabiyu ba. Idan bikin ya faɗo mako guda bayan yaron ya cika 18, sai ya shigar da nasa fom, ya biya nasa kuɗi, ya zauna tasa jarrabawa. Haka batun zaɓe yake: yin rajista ko kaɗa ƙuri'a kafin rantsuwa, ko da an riga an amince da fayil, laifi ne da zai iya kai mutum ga kora daga ƙasar.

Cewa amincewa ba ta kammala komai ba ya fito fili a Disamban 2025, lokacin da hukumar ta dakatar da aiki a kan fayilolin 'yan ƙasashe 19 da aka sanya wa takunkumin shiga Amurka, ciki har da Chadi da Sudan, har aka soke wa wasu ranar rantsuwar da aka riga aka ba su.

A ranar bikin ana karɓe girin kad a ba mutum takardar shaidar zama ɗan ƙasa, kuma ya kamata ya duba sunansa da ranar haihuwarsa kafin ya bar zauren, domin gyara daga baya aiki ne mai tsawo. Kalmomin rantsuwar sun haɗa da barin biyayya ga kowace ƙasa, amma Amurka ba ta karɓe fasfon ƙasar asali, kuma sashe na 28 na kundin tsarin mulkin Najeriya na 1999 ya bar wa ɗan ƙasa na haihuwa damar riƙe wata ƙasa tare da tasa. Sai dai daga wannan rana doka ta wajabta masa fita da shiga Amurka da fasfon Amurka, ga shi kuma katin da yake dawowa da shi a da ya bar hannunsa. Fasfon ba a wurin bikin ake ba da shi ba, ma'aikatar harkokin waje ce ke yin sa, yana kuma ɗaukar makonni sai in an biya kuɗin gaggawa, saboda haka wanda ya sayi tikitin Kano ko Yamai na kwana uku bayan rantsuwa zai buƙaci ya ɗage tafiyar ko ya nemi ganawar gaggawa a ofishin fasfo da tikitin a hannunsa.