Condicional a nahawun Sifaniyanci

Condicional siffa ce ta aikatau a Sifaniyanci da ake faɗin abin da zai faru da wani sharaɗi ya cika. Ta yi kusa da "da... da..." na Hausa: si tuviera dinero, viajaría, wato da ina da kuɗi, da na yi tafiya.

Asali

Latin na gargajiya, harshen da ya haifi Sifaniyanci, ba shi da wannan siffa. A Latin na baya-baya, da alama ƙarnuka kaɗan kafin rabewar harsunan da ya haifa, mutane suka riƙa haɗa asalin aikatau da habere, "mallaka", suna cewa cantare habebam. A hankali kalmar ta biyu ta lalace har ta manne, ta zama cantaría, wato da na rera waƙa. A tsohon Sifaniyanci haɗin bai gama kamawa ba, wakilin suna yakan kutsa tsakani, kamar lo a cikin cantar lo ía. Fotugisanci na rubutu har yau yana da wannan saura, kuma abin sha'awa ne ganin ɗinkin a fili. Masanin nahawu Antonio de Nebrija ya lura da haɗin tun a nahawunsa na 1492.

An daɗe ana ja-in-ja kan sunanta. Andrés Bello, masanin nahawu ɗan Venezuela, ya kira ta pospretérito a 1847. Real Academia Española, hukumar kula da harshen Sifaniyanci, ta jima tana ce mata potencial, kafin ta koma ga condicional a 1973.

Ginawa

Ana ɗaukar aikatau yadda yake a ƙamus, a ɗafa masa -ía, -ías, -ía, -íamos, -íais, -ían. Ɗafin ɗaya ne ga dukkan rukunonin aikatau uku, masu ƙarewa da -ar, -er da -ir: hablaría, comería, viviría. Aikatau 12 da 'ya'yansu ne ke sauya saiwa, irin sauyin da suke yi a lokaci mai zuwa: tener ya zama tendría, poder podría, decir diría, hacer haría. Wanda ya haddace su sau ɗaya ya huta.

Amfani

Ban da sharaɗi, ana roƙo da ita cikin ladabi: ¿podría ayudarme?, ko za ka taimaka mini? Ana kuma ba da labarin alkawarin da ya wuce: dijo que vendría, ya ce zai zo.

A yankin Basque da Navarra, a arewacin Sifaniya, ana jin si tendría maimakon si tuviera. Nahawun makaranta bai amince da shi ba.