Michael Voss: amsar tambayoyin da ake ta maimaita mini

Duk ranar da na ambaci Michael Voss, tsohon ɗan wasan ƙwallon Ostireliya, sai tambayoyi iri ɗaya su biyo baya, wasu na amsa su har bakina ya gaji. Ga su nan wuri ɗaya. Don Allah a karanta kafin a sake tambaya.

Wannan wasan ba zari-ruga ba ne?

A'a. Ƙwallon Ostireliya ce, wasa ne mai zaman kansa da aka rubuta dokokinsa a Melbourne tun 1859. Mutum 18 kowane ɓangare, fili mai siffar ƙwai, ƙwallon ma haka. Ba a jifa da ita, sai dai a buga da ƙafa ko a ɗora a tafin hannu a nausa da ɗaya hannun.

Wane ne Voss ɗin?

Ɗan wasan tsakiya ne, mai riga lamba 3. An haife shi a 1975, ya fara buga wa Brisbane Bears a 1992 yana ɗan shekara 17, ya yi ritaya a 2006 bayan wasa 289. Shi ne kyaftin ɗin Brisbane Lions da ta ci kofi sau uku a jere: 2001, 2002, 2003.

Ai na ji an kore shi daga aikin koci. Ina girman yake?

Wannan ita ce tambayar da ta fi ɓata mini rai. E, ya horar da Brisbane daga 2009, aka sallame shi a 2013. Daga nan ya yi shekaru yana mataimakin koci a Port Adelaide, sannan Carlton ta ba shi ƙungiya daga kakar 2022. To sai me? Aikin koci daban, aikin kyaftin daban. Koci yana zaune a sama yana ba da umarni ne, jikinsa ba ya taɓa ƙasa. Abin da ya sa abokan wasan Voss suka bi shi kuwa jikinsa ne: inda kowa ke ɗari-ɗarin sa kai, shi ne yake fara shiga. Wannan ba abin da za a koya wa mutum da baki ba ne. A daina haɗa biyun.

Me ake nufi da Brownlow?

Lambar gwarzon shekara. Alƙalan wasa ne suke jefa ƙuri'a bayan kowane wasa, maki 3, 2 da 1. Voss ya ci a 1996, suka yi kunnen doki da James Hird na Essendon, yana ɗan shekara 21.

Ban san wasan ba. Wane tsohon wasa zan fara kallo don in ga abin da kake faɗa?

Nan ne sai na ɗan tsawaita, domin amsar ta danganta da irin idon da ka zo da shi.

Yawancin mutane za su ce ka fara da wasan ƙarshe na 2003, inda Brisbane ta lallasa Collingwood da ratar maki 50. Ba laifi, yana da daɗin kallo. Amma ranar ta Simon Black ce, wanda ya sarrafa ƙwallo sau 39 ya karɓi lambar gwarzon wasan. Voss kuwa ya shiga fili ne da ciwon gwiwa, ba a cikin ƙarfinsa yake ba. Idan da shi ka fara, mai yiwuwa ka tashi kana cewa na zuzuta mutumin.

Na 2001 da Essendon ya fi dacewa idan labari kake so. Essendon ce ke riƙe da kofi, kuma a shekarar da ta gabata wasa ɗaya tak ta rasa. Brisbane ta doke ta da maki 26. Sai dai wanda bai san wannan tarihin ba, ba lallai ya ji nauyin abin ba.

Ni dai na 2002 zan ba ka, amma da sharaɗi. An yi shi ne da Collingwood cikin ruwan sama a filin MCG da ke Melbourne, ƙwallo na santsi, cin maki ya yi wuya, aka tashi Brisbane 75, Collingwood 66. Wanda ya saba da wasa mai tsafta zai iya gajiya a zango na farko, ya ce ai wannan kokawa ce kawai a cikin taɓo. Ka yi haƙuri, kada ka kashe. Kuma kada idonka ya bi ƙwallo, wannan shi ne kuskuren duk sabon ɗan kallo. Ka nemi lamba 3 a duk lokacin da alƙali ya tayar da ƙwallo a tsakiya, ka ga inda yake tsayawa da wanda yake tarewa don abokinsa ya samu hanya. Akwai wurin da Scott Burns na Collingwood ya taho a guje ya bangaje shi, irin bangazar da ke sa a kira masu ɗaukar majinyaci. Voss ya faɗi, ya miƙe nan take, ya sake kai hannu kan ƙwallon, ya nausa wa Black, Black ya ci. Duka abin bai wuce 'yan daƙiƙoƙi ba. Ka mayar da shi baya sau biyu ko uku, a karo na ƙarshe ka kalli abokan wasansa maimakon shi.

Ko da haka, kyamarar talabijin ƙwallo take bi, don haka rabin aikinsa ba zai fito a allo ba. Idan ka gama kallo na farko ba ka ga komai ba, kada ka damu, ba laifinka ba ne. Kowa haka ya fara. Gajerun bidiyon da ake yankowa kuwa ka bar su sai daga baya, suna nuna cin maki ne kawai.

Me ya sa ake rubuta sakamako kamar 10.15?

Sanduna huɗu ne a kowane ƙarshen fili. Tsakanin na tsakiya biyu maki 6, gefe maki 1. Don haka 10.15, sakamakon Brisbane a wasan 2002, na nufin an ci na tsakiya sau 10, na gefe sau 15: goma sau shida, a ƙara 15, ya ba ka 75. Shi ke nan.

To me ya sa ba shi aka ba gwarzon wasan 2002 ba?

Nathan Buckley aka ba, kyaftin ɗin ƙungiyar da ta sha kashi, kuma ya yi wasa na gaske, ba zan rage masa komai ba. Amma an tattara ƙuri'un ne kafin a tashi, alhali a mintunan ƙarshen nan Voss ya ɗauki ƙungiyarsa a ka. Ni har gobe ina ganin tasa ce.

Da irin abokan da ya samu, ai kowa ma zai ci kofi.

Wannan ba tambaya ba ce, amma zan amsa. Gaskiya ne yana da Black, da Jason Akermanis, da Nigel Lappin, ga kuma koci Leigh Matthews. Akermanis ya ci Brownlow a 2001, Black a 2002. Amma ka san inda suka fito? An haɗe Brisbane Bears da Fitzroy ta Melbourne ne aka samu Lions a kakar 1997, ƙungiya biyu masu magoya baya daban, a Brisbane, garin da zari-ruga ta fi farin jini. A 1998 su ne na ƙarshe a tebur. A shekarar ce kuma Voss ya karye a ƙafa a birnin Perth, a wasa da Fremantle, mummunar karaya wadda aka yi fargabar ba zai dawo yadda yake ba. Ya dawo. Shekara uku bayan haka yana ɗaga kofi. Taurari irin waɗannan, kowa da halinsa, ba sa bin mutum don an ɗaura masa muƙami kawai, sai sun ga abin da ya jure.

Sun ci na huɗu?

A'a. Sun kai wasan ƙarshe a 2004, Port Adelaide ta doke su da maki 40.