Tiyatar yanar ido da hawan jinin ido a haɗe: magani ko dashe?

Me ya sa ake haɗa tiyatar biyu?

Yanar ido da hawan jinin ido sukan haɗu a idon tsoho ɗaya, kuma su ne na farko da na biyu wajen makantar da mutane a binciken makanta na ƙasa da aka gudanar a Najeriya tsakanin 2005 da 2007. Likita yakan cire yanar ya sa gilashin roba a madadinta, sannan ya buɗe wata ƙaramar kafa a farin ido domin ruwan da ya taru ya riƙa tsiyaya zuwa ƙarƙashin fatar da ke lulluɓe shi, inda yake yin ɗan bororo a bayan fatar ido ta sama.

To ina matsalar take?

Jiki yana ɗaukar kafar nan a matsayin rauni, sai ya yi ƙoƙarin rufe ta da tabo. Idan ta toshe, matsin ido ya koma sama da 21, wato ya wuce iyakar awon lafiyayyen ido, aikin ya lalace. Baƙar fata sun fi saurin yin wannan tabo, shi ya sa tambayar ko da magani ko da dashe za a hana shi ta shafe mu kai tsaye.

Yaya magani yake hana tabon?

Wanda aka fi amfani da shi shi ne mitomycin C, wanda asalinsa maganin ciwon daji ne. Ana jiƙa ƙananan soso da shi, a ɗora su a wurin na 'yan mintoci, sannan a wanke sosai. Yana da ƙarfi kuma ba shi da tsada, amma ƙarfin nasa yana da illa, domin fatar bororon takan yi siriri ba jijiyoyin jini, ta riƙa yoyo, matsin ido ya faɗi fiye da kima, ko ƙwayoyin cuta su shiga bayan shekaru. Akwai kuma 5-FU, wanda bai kai shi ƙarfi ba, ana yin allurarsa bayan tiyata idan tabo ya fara.

Dashen fa?

Shahararren cikinsu shi ne Ologen, ɗan soso mai ramuka na kolajin, wato furotin ɗin da ke cikin fata, da ake ajiyewa a kan kafar domin ƙwayoyin tabo su bazu maimakon su dunƙule, sannan ya narke cikin watanni. Gwaje-gwajen da aka yi ba su nuna ya fi mitomycin sauke matsin ido ba, kuma ya fi tsada. Ana samo kolajin ɗinsa daga alade, don haka haƙƙin majiyyaci Musulmi ne a sanar da shi kafin ya sa hannu.

Wanne za a zaɓa?

A ganina mitomycin a hannun ƙwararren likita ya fi dacewa da yawancin majiyyatanmu, dashen kuma ya dace da wanda fatar da ke lulluɓe farin idonsa siririya ce, har ake tsoron maganin zai yi mata illa. Ko wanne aka zaɓa, dole majiyyaci ya riƙa komawa asibiti a makonnin farko, lokacin da likita ke sassauta ɗinki da auna matsin ido, kuma ganin da hawan jinin ido ya riga ya ci ba ya dawowa.