Infirared: na'urar goshi ba harbi take yi ba

Kalmar infirared ta cika kunnuwa. Tana tallar kyamarar tsaro, tana jikin na'urar auna zafin jiki, tana kuma bakin masu sharhi a rediyo da ke kiranta "hasken da ake harba wa mutum a goshi". Wannan na ƙarshen shi ya fi ci mini rai, domin an juya maganar baibai.

Rabin kalmar na farko Latin ne, ma'anarsa "ƙasa da", wato ƙasa da ja. A 1800 masanin taurari William Herschel ya rarraba hasken rana da gilashi mai kusurwa uku, ya bi launukan da ma'aunin zafi, sai ya tarar ma'aunin ya fi hawa a gaba da ja, inda ido ba ya ganin komai. Haske yana tafiya ne kamar igiyar ruwa, tazarar da ke tsakanin tozo da tozo ita ce zangonsa. Ido yana kama haske mai tsawon zango daga nanomita 400 zuwa 700 (nanomita miliyan ɗaya ke yin milimita ɗaya). Infirared daga nan ya tashi har milimita 1, kuma faɗin nan ne tushen ruɗanin.

Na kusa da ja, shi ake harbawa: rimot na talabijin yana aiki da nanomita 940, fitilun kyamarar tsaro galibi 850. Na can nesa kuwa, jikinka ne ke fitar da shi dare da rana, mafi yawa a wajen maikiromita 10, wato nanomita 10,000. Na'urar goshi karɓa kawai take yi. Madubinta, irin na tabarau, yana tattara hasken a kan wata 'yar ƙwaya da ke mayar da ɗumi wutar lantarki kaɗan, sai a lissafa zafin. Jan ɗigon da wasu ke haskawa na saiti ne, ba shi ke awo ba.

Abin damuwa na gaske shi ne awon ƙarya. Zufa tana sanyaya goshi, rana tana ɗumama shi. Nisa ma yana ɓata lissafi: na'urar masana'antu mai alamar 12:1, in ka tsaya santimita 120, da'ira mai faɗin santimita 10 take aunawa, har da duk abin da ya faɗo ciki. Fata tana fitar da kusan kashi 98 cikin 100 na abin da ya kamata jiki mai zafinta ya fitar, amma gogaggen alminiyum bai kai 10 ba. Shi ya sa ƙarfe mai sheƙi yana ƙuna na'ura ta ce da sauƙi. Dabarar ita ce a manna baƙin tef, a jira ya ɗau zafin, a auna kansa.

Masu cewa kyamarar zafi tana gani ta cikin bango kuwa, ko gilashin taga ba ta ratsawa. Dalilin ke nan da ake yi mata madubi da wani ma'adini mai tsada, jameniyum, wanda infirared ke ratsawa. A ganina nan ne binciken hasken nano, wato sarrafa haske da abubuwa 'yan mitsi-mitsi, ya cancanci sunansa: ana jera ƙananan ginshiƙan silikon, waɗanda faɗinsu bai kai zangon hasken ba, a kan shimfiɗaɗɗen faifai, kowanne yana jinkirta hasken gwargwadon kaurinsa, har faifan ya tattara shi wuri ɗaya kamar madubi. Cikas ɗin da ake fama da shi shi ne irin wannan faifai ya fi iya zango ɗaya, alhali kyamarar zafi tana buƙatar daga maikiromita 8 zuwa 14 gaba ɗaya.