"Chop chop": daga ina Turawa suka samo wannan magana?

Me Bature yake nufi idan ya ce "chop chop"?

Maza-maza yake nufi. Uwa tana tsaye a bakin ƙofa da makullin mota a hannu, yara suna ta jan ƙafa wajen ɗaura takalmin makaranta, sai ta tafa hannu sau biyu ta ce, "Chop chop!" Maganar baki ce, ba a sa ta a wasiƙar ofis.

Asalinta Ingilishi ne?

A'a, daga China ta fito. A 1757 sarkin China ya taƙaita cinikin Turawa ta teku ga tashar Canton kaɗai, garin da ake kira Guangzhou a yau, kuma haka aka ci gaba har 1842. Fataken Ingila suna zuwa can sayen ganyen shayi da siliki da tangaran. An hana Sinawa koya wa baƙi harshensu, su ma Turawan ba su cika damuwa da koyo ba. Ciniki kuwa dole a yi shi. Sai wani gaurayen Turanci ya taso a bakin ruwa tsakanin dillalai da 'yan dako da matuƙan jirgi.

Masana harshe sun fi karkata ga cewa asalinta wata kalmar mutanen Canton ce mai nufin sauri, wadda ake maimaitawa don ƙarfafawa, kamar yadda muke cewa "sauri-sauri". Kunnen Bature ya ji ta yadda ya ji, bakinsa ya murɗe ta. A 1834 ta fito a rubuce a jaridar Canton Register, daga baya ma'aikatan jiragen ruwa suka kai ta gida.

Tana da alaƙa da "chop" na brokan Najeriya?

Ma'anarsu ba ɗaya ba ce. A Legas "chop" ci ne, ko na abinci ko na kuɗin jama'a. Ka ce wa ma'aikacin gwamnati "chop chop", yana iya ɗauka ɓarawo ka kira shi.

Ana faɗa wa kowa?

Ina! Daga sama take saukowa ƙasa: iyaye ga yara, maigida ga yaron shago, ko aboki ga aboki cikin raha. Wasu ma suna jin ƙanshin raini a cikinta, tunda da ita Turawan wancan zamani suke tsawata wa barorinsu da 'yan dakonsu. Idan babba kake so ya hanzarta, nemi wata maganar mai ladabi.